Yaushe yaro zai fara cin ɗanyen kifi, banda da kilishi?

Wata uwargida daga Birnin Kebbi ce ta yi tambayar. 'Ya'yanta biyu, mace 'yar wata 9 da namiji ɗan shekara 3. Maigidanta mutumin Yauri ne, don haka gidan ba ya rabo da bandar kifi. Surukarta kan ɓalli kilishi ta miƙa wa jaririyar ta tsotsa, wai yana rage mata ƙaiƙayin dasashi. Ga kuma ƙanin miji da ke aiki a Abuja, wanda ya taɓa ɗanɗana wa babban yaron sushi, abincin nan na mutanen Japan da ake ɗora yankan ɗanyen kifi a kan curin shinkafa, kuma in ya zo gida tsarabarsa ba ta wuce sosej da salami, wato niƙaƙƙen naman da ake sarrafawa da gishiri a masana'anta. Tana son sanin shekarar da yaro zai iya cin waɗannan abubuwa ba tare da fargaba ba.

Uwargida, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya su.

Ga amsar a dunƙule. Dafaffen kifi da dafaffen nama, tun daga wata 6, kullum ma in da hali. Ɗanyen kifi, da naman da bai gama dahuwa ba, da wanda aka busar da gishiri bai taɓa ganin wuta ba, kada su shiga bakin yaron da bai cika shekara 5 ba. Kifin ruwanmu kuwa, na Neja ne ko na Rima ko na tafkin Kainji, babu shekarar da za a kai a ce ya dace a ci shi ɗanye, ko ke ko maigidan. Banda da kilishi suna tsaka-tsaki, kuma a kansu zan fi daɗewa. Sushi sau nawa yaronki zai gan shi a shekara? Banda kuwa yanzu haka tana cikin kwando a ɗakin girkinki.

Me ya sa shekara 5? Ba wai ranar da yaro ya cika ta cikinsa ke rikiɗa ya koma na babba ba. An tsaya a nan ne saboda a ƙasa da ita ɓarnar ta fi muni. Ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, wanda ke kashe da yawa daga ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, bai kai na babba ƙarfi ba. Garkuwar jikinsa ba ta gama ƙosawa ba. Sannan jikin ƙarami ne. Zawon da zai sa maigida ya yini yana zaryar bayi, washegari ya tashi ya tafi kasuwa, shi ne zai zuƙe ruwan jikin 'yar wata 9 cikin dare ɗaya, idanu su zurma, maɗiga ta faɗa. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, alhali su kashi 9 cikin 100 ne kacal na mutanen duniya. Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya ɗaukar wannan nauyi.

Mu gama da sushi tukuna. Kifin teku yakan ɗauki wata siririyar tsutsa, anisakis, wadda in aka haɗiye ta da rai takan kafa kai a bangon tumbi, cikin 'yan awoyi ciwon ciki mai tsanani da amai su taso. Shi ya sa inda ake cin ɗanyen kifi ake daskarar da shi kafin a yanka. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ita ce kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, ko awa 15 a digiri 35 ƙasa da sifili. Firizar gida ko da wuta ba ta ƙiftawa da kyar take kai wannan sanyin, ballantana tamu da ke narkewa da rana ta sake kamawa da dare. Daskarewar ma tsutsa kaɗai take kashewa. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela da listeriya da dangin ƙwayar kwalara lafawa kawai suke yi a cikin ƙanƙara, da ta narke su ci gaba da hayayyafa. Lemun tsami ba ya kashe su, haka barkono, haka gishirin da aka barbaɗa a kai. Ki tuna kuma nisan Abuja da teku, da hannuwan da kifin ya bi kafin ya iso faranti. Ko a Japan ɗin ba a ba goyo ɗanyen kifi, iyaye da yawa sai yaro ya kai wajen shekara 3 suke fara ɗanɗana masa, a ƙasar da sanyi ba ya yankewa daga jirgin ruwa har kanti. In ƙanin mijin naki ya sake kai yaron, ya zaɓa masa wanda aka yi da dafaffen kifi ko kayan lambu, ana yinsu. Bayan shekara 5, yaro mai ƙoshin lafiya zai iya ɗanɗana na kifin teku a wurin da aka yarda da tsaftarsa da sanyinsa. Mai sikila, ko mai tamowa, ko wanda wata cuta ta raunana masa garkuwar jiki, ya haƙura ko ya wuce 5.

Kifin kogi da na tafki labarinsa ya fi haka. A Tailan da Lawos, inda mutanen karkara ke cin yankakken ɗanyen kifin kogi da lemun tsami da yaji, wata tsutsar hanta ta zame musu annoba, kuma ita ke jawo musu kansar bututun matsarmama. A Singafo, a 2015, ɗanyen kifin ruwan daɗi ya kwantar da mutane masu yawa da cutar jini da sanƙarau, har gwamnati ta hana sayar da shi ɗanye. A nan gida ma, a kudu maso gabas, bayan yaƙin basasa an ga yawaitar tsutsar huhu a jikin mutanen da yunwa ta sa suka riƙa cin ƙaguwar rafi ba ta dahu ba, suna tari da jini kamar masu tarin fuka. Ƙara da halin ruwanmu: a nan ake wanka, a nan ake wanki, a nan shanu ke sha, kuma da damina ambaliya na kwaso bahayar da aka yi a fili ta zuba a ciki. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, kuma jihohinmu na arewa maso yamma na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ai ko a bikin kamun kifi na Argungu, da ake yi tun 1934, giwan ruwan da aka fito da shi daga kogin Matan Fada ba wanda ke yankar tsokarsa ya jefa baki, tukunya yake nufa ko banda. Al'adarmu a nan ta yi daidai da ilimi, kada wani ya sa ki ɗauke ta ƙauyanci.

Sai dai ɗanyen kifi kan isa bakin yaro ko ba a ba shi ba. Kina tsugune kina fere ɓawon karfasa a tire, 'yar wata 9 ta rarrafo ta tsoma hannu a ruwan wankin ta kai baki. Ko wuƙar da kika farke cikin tarwaɗa da ita, a ɗauraye ta sama-sama a yanka wa yaro kankana. Wannan ya fi sushi faruwa nesa ba kusa ba. Sabulu da ruwa ga hannu da wuƙa da tire, kuma ruwan wankin kifi a zubar da shi nan take inda yara ba sa wasa.

To, banda. Irin wadda masuntanmu ke yi a Yauri da Argungu da sauran garuruwan bakin ruwa ta zafi ce, wuta da hayaƙi tare, don haka kifin yakan dahu. Ta bambanta da kifin salmon mai hayaƙi da ake sayarwa a manyan kantuna cikin leda, wanda hayaƙi mai sanyi ake bi da shi, zafin bai wuce digiri 30 ba. Wancan ɗanye ne duk da ƙanshinsa, hukuncinsa hukuncin sushi. Matsalar tamu bandar biyu ce. Ta farko, babban kifi ba kullum wuta ke ratsa shi ba. Ɗauki ƙatuwar tarwaɗa da aka lanƙwasa, bayanta ya yi baƙi yana sheƙi, ki ɓare ta daidai wajen ƙashin baya kusa da kai. Sau da yawa za ki tarar da tsokar wurin da sauran danshi, launinta ja-ja, tana manne wa yatsa. Mai sayarwa ya fi son ta haka don ta fi nauyi da cika ido, amma irin wannan ba ta wuce kwana biyu ko uku ba ta fara lalacewa daga ciki. Ta biyu, duk abin da ya faru bayan an sauke ta daga wuta: kwali, buhu, bayan mota, ƙurar kasuwa, ƙuda, ɓera a rumbu, da hannun duk wanda ya ɗaga ya shinshina ya taya ya ajiye. Wutar da ta gani mako uku da suka wuce ba ta da labarin waɗannan.

Saboda haka ƙa'idar da nake ba iyaye mata ita ce, ga yaron da bai kai 5 ba, wuta ta zama abu na ƙarshe da ya taɓa kifi ko nama kafin bakinsa. Banda a miya, wadda aka jiƙa a ruwan zafi, aka wanke, aka cire ƙaya, ta tafasa sosai tare da miyar, 'yar wata 9 ma za ta ci. Banda daga kwando zuwa hannun yaro don ya yi shiru kina aiki, a'a.

Amma kada in bar ki da tunanin wuta na wanke komai. Akwai abubuwan da ko an kwana ana tafasawa suna nan. Akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari, irin su Sniper da fiya-fiya, don kada ƙwaro ya cinye musu jari, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka. Akwai masu zuba guba a ruwa su kwashi kifin da ya taso. Akwai funfuna, wadda wani nau'inta ke fitar da dafin afulatoksin mai lalata hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Akwai kifin ƙanƙara irin titus da sadin, wanda in ya narke ya jima a zafi yakan tara wani sinadari da ke sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo mintuna kaɗan bayan an ci, ko da an soya shi ƙarau. Maganin waɗannan a wajen saye yake. Ki ɓare ɗaya kafin ki biya. In kika ga gari-gari na zuba daga ciki, ko fari-fari ko kore-kore a jikin tsokar, ko kika ji wari mai kama da na kananzir ko na magani, ki bar shi. Ni tiren kifin da ƙuda ke bin na maƙwabta amma ko ɗaya bai sauka a kansa ba, ba ya burge ni, tsoro yake ba ni. Wanda aka yi wa banda da roba ko leda ko tsohuwar taya, ɗacin hayaƙinsa ba ya ɓuya a hanci. Tun da maigida ɗan Yauri ne, ku nemi mai banda ɗaya da kuka sani ku riƙe shi, ya fi yawon neman araha.

Kilishi ba ɗanyen nama ba ne, kuma a nan ya ɗara salami. Ana fere tsoka fale-fale, a shanya a rana, a tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da albasa da gishiri da magi, a sake shanyawa, sannan a gasa a kan garwashi. Bushewar da gishirin suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, shi ya sa yake wata da watanni bai ruɓe ba. Sai dai hana yaɗuwa daban, kashewa daban. Salmonela tana iya zama da rai a busasshen abinci tsawon watanni, kuma a busasshen nama ta fi jure zafi fiye da a ɗanye, ga shi gashin ƙarshen na 'yan mintuna ne, wani gefen ya ji wuta wani bai ji ba. Daga nan sai tire a bakin tasha, a buɗe, da hannun da ke karɓar kuɗi yana yaga yana naɗewa a tsohuwar takarda. Babba zai ci ya wuce lafiya sau ɗari. Ba da cikin babba ake auna na goyo ba.

Ga jaririyarki, ko da kilishin ya fito tsaf daga wuta ba nata ba ne, saboda abu uku. Na farko maƙalewa. Yana shiga baki da tauri, miyau ya jiƙa shi, wani ɓalli ya saki ya zame zuwa maƙogwaro, ita kuwa ba ta da turamen niƙa shi. Turamen farko sai bayan shekara suke fitowa, na biyu tsakanin shekara 2 da 3, kuma yaro ba ya iya tauna abu mai tauri yadda ya kamata sai wajen shekara 4. Na biyu gishiri. Jaririn da bai kai shekara ba bai kamata gishirin da ke shiga jikinsa a yini ya kai giram 1 ba, kuma nono da abincinsa sun riga sun ba shi abin da yake buƙata. Daga shekara 1 zuwa 3 iyakar giram 2 ce, daga 4 zuwa 6 giram 3. Ƙaramin cokalin shayi guda yana ɗaukar wajen giram 5, kin ga ɗan shekara 3 ko rabinsa bai kamata ya ci ba a duk abincin yini. Ƙodar jariri ba ta iya tace abin da ya wuce haka, kuma harshen da ya saba da gishiri tun yana goyo da wuya ya yarda da abinci salam daga baya. Na uku yaji da gyaɗar da ba ki san asalinta ba. Gyaɗa ita kanta ba a hana jariri ita, kunun gyaɗa mai laushi abinci ne mai kyau tun daga wata 6, amma tunkuzar da aka yi da ragowar gyaɗa mai funfuna ita ce babbar hanyar afulatoksin.

Abin da ya fi damuna a wannan al'ada shi ne yadda take ɓoye laifinta. A ba jaririya kilishi saboda haƙori, kwana biyu ta fara zawo, sai a ce ai zawon haƙori ne, a zauna ana jira ya wuce. Fitar haƙori na kawo dalalar miyau da ƙaiƙayi da ƙiriniya, amma ba ya kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ke kai komai baki. In dasashi na damunta, ki wanke hannu ki murza mata da yatsa, ko ki ba ta tsaftataccen ƙyalle da aka jiƙa a ruwan sanyi ta ciza.

Surukarki kuwa, kada ki tunkare ta da "likita ya hana". Za ta ce da shi ta raini mijinki, kuma gaskiya ta faɗa. Ki ce mata, "Inna, tsoron maƙalewa nake ji, bari in daka mata shi a miya ki ba ta da hannunki." Maƙalewa abu ne da kowace tsohuwa ta taɓa gani ko ta ji labari, ba sai an yi gardamar ƙwayar cutar da ido ba ya gani ba.

Ɗan shekara 3 zai iya cin kilishi jefi-jefi in kin sake gasa shi ko kin turara shi ya yi zafi har ciki, kin yayyaga shi siri-siri kamar dambu, yana zaune kina kallonsa. Ba a guje ba, ba a mota ba, ba yana dariya da wasa ba. Dambun nama da kika yi da kanki ya fi masa, domin an dafa naman ya yi laushi kafin a daka a soya, kuma ke ke riƙe da gishirin. Tsire da balangu, a karɓa daga wuta kai tsaye, a duba tsakiyar yankan ba ja ba jini, a rage yaji, a yanka ƙanana. Wanda ya yini a gefen tukuba yana shan iska, a mayar da shi wuta. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba zafi, kuma a zafin bazarar Kebbi da ke haura digiri 40, awa 1 ce.

A nan zan sako maganar layya, don ranar ce yara suka fi cin naman da bai dahu ba. Ana gama fiɗa a jefa hanta a wuta, bayanta ya babbake cikinta na jini, a yanka a rarraba wa yara da ke tsaye. Hanta abinci ce mai kyau ƙwarai ga yaro, tana ƙara jini, sau ɗaya a mako ma ta isa, amma ta dahu har tsakiya. Haka naman da ake shanyawa a igiya, ba a ba yaro shi sai an dafa ko an soya. Naman shanun da bai ji wuta ba shi ke kawo tsila, wadda sai bayan wata biyu ko uku za a fara ganin gaɓoɓinta farare a bayan gida ko a wando, lokacin kowa ya manta da naman. Akwai kuma wani nau'in ƙwayar ikolai, O157, da ke zaune a hanjin shanu da awaki ba ta yi musu komai, wajen fiɗa take hawa nama. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da yaro da zawon jini, kuma cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce cikin yara 7 'yan ƙasa da shekara 5 da aka tabbatar sun kamu, 1 ƙodarsa kan gaza.

Tsarabar Abuja iri biyu ce. Salami da danginsa ba a dafa su, gishiri da tsami da bushewa ne kawai ke riƙe da su. A 1995, a kudancin Ostireliya, irin wannan sosej ya taɓa ƙodar yara sama da 20 ta dalilin wata 'yar'uwar O157, wata 'yar shekara 4 ta rasu. Irin na biyu an dafa shi a masana'anta, kamar sosej ɗin da ake sa wa shawarma, amma yakan gurɓata wajen yanka da naɗewa, kuma listeriya ta bambanta da sauran da cewa tana hayayyafa a cikin firij. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, irin wannan naman ya kwantar da sama da mutum 1,000, fiye da 200 suka mutu, da yawansu jarirai sabbin haihuwa da suka ɗauka daga uwa. Don haka wannan gargaɗin ya hau kanki ke ma duk lokacin da kike da juna biyu. Ga ƙasa da shekara 1, babu ko ɗaya. Daga 1 zuwa 5, sai an soya ko an dafa har tururi na fita daga tsakiya, kuma sosej a tsaga shi a tsaye gida huɗu kafin a yanka, domin yankan da'ira daidai yake da faɗin maƙogwaron yaro. Ko an dafa, gishirin na nan: giram 100 na salami kan ɗauki giram 4 na gishiri ko fiye. A 2015 kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Wannan magana ce ta cin yau da gobe na shekaru, ba ta yanka biyu ranar suna ba, amma ta isa dalilin da zai hana ya zama abincin makaranta na kullum. A duba jikin ledar ma, da yawan na waje da naman alade ake yi.

Duk wannan kada ya sa ki janye wa yaranki kifi. In da za a tambaye ni, rashin kifi da nama a kwanon yaran Kebbi ya fi ɗanyen kifi yi mana ɓarna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, adadi mafi yawa a duk Najeriya, a jihar da ke loda kifi a mota zuwa wasu jihohi. Daga wata 6 nono kaɗai ba ya wadatar da jariri da sinadarin ƙarfe mai gina jini, koko zalla kuma ba ya cike giɓin. Ki ci gaba da shayarwa har shekara 2, ki haɗa da kifi. Tarwaɗa da ragon ruwa sun fi sauƙi saboda ƙayarsu ba ta da yawa, tsage kuwa ƙananan ƙayoyinsa sun yi yawa ga yaro. Ki dafa har tsokar ta bar sheƙi ta yi fari tana rabuwa da kanta, wato zafin cikinta ya kai digiri 63, ki murje da yatsu sau biyu kina neman ƙaya, ki dama a fate ko miyar kuka marar yaji, ba magi, da ɗan tuwo mai laushi. Ko ki sami ƙananan busassun kifaye masu kyau, ki wanke, ki soya su sama-sama ba mai har su bushe ƙarau, ki daka ki tankaɗe, ki ajiye a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya a kunu yana kan wuta, ya tafasa tare, kuma da yake da ƙashinsu aka daka, har ƙashin yaro suna ginawa. Kifin gwangwani dafaffe ne, ba laifi, a tsiyaye ruwan gishirin, abin da ya rage kuma kada ya kwana a gwangwanin. Ranar da za ki fara ba ta kifi, ki ba ta kaɗan da safe ki sa ido. Borin jini, kumburin leɓe ko ido, ko amai nan take, ki dakata ki ga likita. In numfashi ya sarƙe, asibiti a guje.

Sushin da yaronki ya riga ya ci, in an kwana biyu lafiya lau yake, ba abin da za ki yi. Amma duk ranar da ɗayansu ya ci wani abu ya fara zawo ko amai, ki fara ORS, wato ruwan gishiri da sukari na ƙulli, tun zawon farko, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, kaɗan-kaɗan a kai a kai, da ƙwayar zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, kuma kada ki tsayar da nono. Kada ki bari mai kemis ya haɗa miki maganin tsayar da zawo, ba a ba ƙananan yara shi, kuma a zawon jini irin na O157 shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha barkatai suna iya ƙara jefa ƙoda cikin haɗari. Jini a bayan gida, amai da ba ya barin komai ya zauna, ƙin kama nono, zazzaɓi mai zafi, yawan barci ko sanyin jiki, idanu sun zurma, ko a yi awa 6 zuwa 8 ba fitsari, kowanne ɗaya ya isa a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ki ci gaba da lura har mako guda ko fiye bayan zawon jini ya lafa, domin matsalar ƙodar a lokacin take bayyana, daidai sa'ad da gida ya fara cewa an samu sauƙi: yaro ya ɗashe, fitsari ya ragu, fuska ko ƙafa ta kumbura. In kun je, ki gaya wa likita abin da yaron ya ci da ranar da ya ci shi, da ko wani a gidan ya kwanta tare da shi.